Citta Bakwai a Aljihun Baba

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in na ƙara kwana biyu ban rubuto ba za ta biyo ni Kafanchan da kanta. Yi zamanki, 'yar uwa. Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, kwana uku ko bayi da dafa bango nake zuwa. Yau dai na samu na zauna, zan faɗa muku yadda muka ƙare da Baba.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Milka Zamani, 'yar Kwoi, shekarata ashirin da ɗaya, ina aji biyu a kwaleji nan Kafanchan. Wasan da nake yi Turawa ke ce masa heftatilon, mu kuwa "bakwai" kawai muke cewa, don wasanni bakwai ne mutum ɗaya ke yi cikin kwana biyu: gudu uku, tsalle biyu, jifa biyu. A kowanne ana auna abin da kika yi a ba ki maki, a ƙarshe a haɗa. Wadda makinta ya fi yawa ita ta ci, ko da ba ta zo ta ɗaya a ko guda ba. Ku riƙe wannan da kyau, don ni wata biyu na yi ina ƙoƙarin cusa shi a kan Baba, bai shiga ba.

Sai kuma Silvanus. Malamin lissafi ne a wata sakandare, siriri, mai tabarau, irin mutanen da ke goge takalmi ko da za su shiga laka. Ina sonsa, ba na ɓoyewa. Matsalar mahaifiyarsa ce, Mama Hellen. Ran Litinin ɗin Ista ta zo gidanmu cikin leshi ruwan ƙwai da ɗankwali mai hawa biyu, ta zauna a kujerar da Baba ne kaɗai ke zama, ta ce suna so a yi biki a Disamba.

"Mu muna son yarinyan," ta ce. "Amma matan ɗana ba zai dinga tsalle da guntun wando a gaban jama'a ba. Ya ajiye gudu, shi ke nan."

Ina bayan labule ina jin komai. Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke hukunci yadda ya saba, ba shawara da kowa.

"Akwai gasa a Mayu. In Milka ya zo na ɗaya, ya ci gaba da gudu, ku jira. In bai zo ba, ya rataye takalmi, a yi biki."

Mama Hellen ta yi murmushi, don ta riga ta ji labari cewa ni ban taɓa zuwa ta ɗaya a komai ba. Gaskiya ne kuma. Kullum ni ce ta biyu, ta uku, wani lokaci ta huɗu. Abin da ba ta sani ba shi ne, ni babu wasan da nake faɗuwa warwas. Na bi Baba har gona ina masa bayani, yana rufe citta da ganye ko ɗagowa bai yi ba.

"Na ɗaya na ɗaya ne," ya ce. "Kar ki kawo mini Turanci."

To ga gasar ta zo, ta manyan makarantun shiyyarmu, a filin wasa na Kafanchan, Juma'a da Asabar. Wadda ta ci ita za a ɗauka zuwa gasar ƙasa, kuma sansanin horon ya haɗiye Nuwamba da Disamba gaba ɗaya. Kun ga ke nan ba kofi kaɗai ne a kan layi ba.

Baba ya bar gona kwana biyu a tsakiyar aikin citta, abin da ban taɓa gani ba sai ranar jana'izar yayansa. Ya zo da kaftaninsa na zuwa coci, ruwan toka, mai manyan aljihu biyu. Mama ta ɗauro zanen zumuntar matan coci kamar za ta taron shekara, ta kuma kawo mini wani baƙin wando mai manne jiki da ta sa tela ya ƙara wa tsawo har gwiwa.

"Sa shi a ƙarƙashi," ta raɗa mini. "Kar matan nan ya samu abin faɗi."

Na sa. Ba don Mama Hellen ba, don idon mahaifiyata da ya cika da roƙo.

Yanzu bari in gaya muku wata ɗabi'ar Baba. In ana loda buhunan citta a mota, bai yarda da biro da takarda ba. Yakan zuba gutsattsarin busasshiyar citta a aljihun hagu, duk buhun da ya hau ya mayar da guda ɗaya aljihun dama. Tun ina ƙarama haka nake ganinsa, kuma ba a taɓa cutarsa da buhu ɗaya ba. Da safiyar Juma'a, ina ɗaura takalmina mai ƙusoshi, sai ya kira ni bakin wayar da ta kewaye filin ya buɗe tafinsa. Citta bakwai.

"Wasa bakwai kika ce, ko? Duk wanda kika zo na ɗaya, guda zai koma dama."

"Baba, ba haka ake ƙirgawa ba."

"Haka ni nake ƙirga."

Na juya ina cizon leɓe. Ni da taurin kaina a wurinsa na gado, don haka na koma kan ɗaurin takalmina.

Mu tara ne muka shiga. Wadda kowa ke tsoro ita ce Roseline, 'yar Kujama, doguwa, gudu kamar an harba ta, gashinta an yi masa kitso da jan zare. A gudun tsallake shinge ta bar ni da taku biyu, na zo ta biyu. A tsallen sama ta sake ci, ni ta uku. Duk lokacin da na waiwayi rumfa, hannun Baba na cikin aljihun hagu, bai fito ba.

Sai jifan dalma, wato wannan dunƙulen ƙarfe mai kilo huɗu. Nan aka ga wadda ta taso tana ɗaukar buhu. Na jefa ya wuce mita goma sha ɗaya, wata ƙatuwa daga Zonkwa ta fi ni da ɗan taƙi, Roseline kuwa ta takwas ta zo, jifanta kamar mai miƙa wa yaro lemo. A nan na kwashe maki masu yawa a kanta. Amma a idon Baba, ta biyu ce dai na sake zuwa. Gudun mita ɗari biyu ya rufe ranar, na zo ta huɗu.

Mama Hellen ta zo da kula cike da gwaten acha, tana zuba wa iyayena tana cewa, "Ai ya yi ƙoƙari. Ba kowa ne Ubangiji ya ba ƙafa ba." Sai wani daɗi take ji, har da ƙara wa Baba nama.

Silvanus shi kaɗai bai ci ba. Yana gefe da wani littafi mai bango shuɗi, ya ja layi bakwai, ya rubuta sunana da na Roseline, yana danna waya yana rubutu. Tun da na fara wasan nan ya haddace yadda ake fitar da makin, ya fi wasu alƙalan ma sauri.

Da asubar Asabar, ina kwance a ɗakin kwananmu cinyoyina na zogi, saƙonsa ya shigo.

"Roseline na gabanki da maki 71. Mashi zai rufe wannan. Ki ci abinci."

Na daɗe ina kallon wayar. Wani tunani ne ya kwana yana cina, kuma tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, ga shi. In na faɗi, wa ya ci riba? Shi. Zai samu amarya a Disamba, uwarsa ta huta, ya daina shan gori a gida. Na rubuta masa:

"In na faɗi yau ka samu matar Disamba fa."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga amsa:

"Lissafi na iya, ƙarya ban iya ba. Ki ci abinci, abeg."

An yi ruwa kafin gari ya waye, filin duk ya jiƙe, yashin ramin tsalle ya yi nauyi. A dogon tsalle na zo ta biyu, Roseline ta ɗaya, amma da kaɗan. Sai jifan mashi, wanda shi ne nawa. A zuciyata na ce yau ko citta ɗaya ce sai ta koma dama, don in ga fuskar Baba. Jifana na uku ya tashi har na ji 'yan kwalejinmu sun miƙe tsaye. Mita talatin da tara, ban taɓa kaiwa nan ba. Ina cikin murna 'yar Zonkwan nan ta zo ta ɗora mini rabin mita. Na zauna a kan ciyawa jiƙaƙƙiya, na ji hawaye na neman zubowa. Ta biyu kuma.

Silvanus ya zo bakin waya da gudu, tabarau na zamewa, takalmin nan nasa ya yi kaca-kaca da laka.

"Milka, tashi. Kina gaba."

"Da nawa?"

"Hamsin da biyu. Saura mita ɗari takwas. Kar ki yi ƙoƙarin wuce ta, za ta kashe ki a zagayen farko. Duk sakan ɗaya maki goma sha uku ne. In ta ba ki tazarar da ta wuce sakan huɗu, ta ci. Ƙasa da haka, naki ne."

"Yaya zan san tazarar ina cikin gudu?"

"Zan tsaya a kwanar can. In ta wuce ni zan fara ƙirga, in kin iso in faɗa miki."

Na dube shi cikin ido. Komai nawa yanzu yana bakin mutumin da zai fi kowa samun sauƙi in na faɗi. In ya ce "biyu" alhali biyar ne, zan sassauta, kuma babu wanda zai taɓa sani. Ya gane abin da nake tunani, don sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce a hankali, "Je ki ɗaura takalmi."

Koci Abednego, mai horar da mu, ya dafa kaina ya yi gajeriyar addu'a. Aka jera mu. Bindiga ta tashi.

Roseline ta fita kamar an ce mata gidansu na cin wuta. Ta san lissafin ita ma. Jikina duk yana ce mini in bi ta, na danne. Wata yarinya ta wuce ni, na bar ta. Da na iso kwana a zagayen farko na ji muryarsa.

"Biyu."

Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Nan wasanni shida da na yi suka zo karɓar hakkinsu. Cinyoyina suka yi nauyi kamar na ɗaura musu turmi, ƙirjina na zafi, bakina ɗanɗanon ƙarfe. Jan zaren kan Roseline sai ƙara nisa yake. Na iso kwana.

"Biyar! Milka, biyar ne! Tashi!"

Ban taɓa jin Silvanus ya ɗaga murya ba, ko a aji ɗalibansa na ƙorafin ba sa jinsa. Ranar har muryarsa ta tsage. Da ya so Disamba, "uku" kawai zai ce. Wallahi wannan tunanin ne ya ɗaga mini ƙafa. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na daina jin jama'a, na daina jin ciwo, jan zaren nan kawai nake gani, kuma ya fara matsowa. Ita ma ta ƙone, ƙafafunta sun fara harɗewa. Ta tsallake layi, ɗayar ta bi ta, ni kuma na faɗa kan layin da ƙirji na zube.

Ta uku.

Ina kwance ina haki na ga zanen zumunta a kaina. Mama ce, ta tsallako waya ban san ta yaya ba, tana mini fifita da ɗankwalinta tana kuka.

"Ba komai, 'yata. Yesu ya gani. Kin yi iyakan ƙoƙari."

"Mama, tsaya a haɗa maki."

"Ba komai, ba komai. Aure ma albarka ne."

Da na samu na miƙe, sai na hango Baba ya riga ya tashi. Ya sa hularsa, ya kama hanyar ƙofa, kafaɗunsa sun sauka. Ba fushi yake ba, na san tafiyar fushinsa. Wannan tafiyar ita ce wadda yake yi in ruwa ya cinye masa gona. Sai a lokacin na gane ashe shi ma so yake in ci, kwana biyu yana riƙe da cittar nan yana jira. Mama Hellen na biye da shi tana lissafa masa ranakun Asabar ɗin Disamba, wacce fasto ba shi da wani biki.

Lasifika ta yi ƙara. Mai sanarwa ya fara daga ta uku, ya kira 'yar Zonkwa. Ya kira Roseline, maki dubu huɗu da ɗari biyar da casa'in da takwas. Ya ɗan yi shiru, irin na masu son a roƙe su.

"Ta ɗaya, da maki dubu huɗu da ɗari shida da goma sha ɗaya, Milka Zamani."

Sakan uku ta ba ni. Maki goma sha uku ne tsakaninmu.

'Yan kwalejinmu suka ɓarke, aka ɗaga ni sama, Mama ta saki guɗa da Haleluya a haɗe ba ta ma san me ya faru ba. Roseline ta zo ta rungume ni tana haki, ta ce, "Ke mayya ce, wallahi." Ni kuwa idona na ƙofa. Baba ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a waje. Ya juyo a hankali, ya dawo, bai zo wurina ba. Wurin Silvanus ya nufa.

"Malam, zo nan. Yaya mutum zai faɗi sau bakwai a ce shi ne na ɗaya? Ko sun yi kuskure ne? In kuskure ne a mayar musu da abinsu, ba na son kayan da ba namu ba."

Silvanus ya buɗe littafin. Na ɗauka zai fara zuba masa lambobi, sai na ji ya ce:

"Baba, bara wa ya fi kowa citta a unguwarku?"

"Asher."

"Masara fa?"

"Wani ne dabam."

"Acha? Gwaza? Gyaɗa?"

"Kowanne da mai shi. Ni ban fi kowa a komai ba."

"To da damina ta yi nisa, gidan wa aka dinga zuwa neman abinci?"

Gidanmu ne, Baba ya sani. Ya dubi littafin, layi bakwai, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kunya a gona. Ya tsaya a inda Roseline ta zo ta takwas, ya ƙwanƙwasa wurin da farce.

"Nan ne gonan shi ya ƙone," ya ce.

"Nan ne, Baba."

"Ita kuma nawa babu inda ya ƙone."

"Babu."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya zo inda nake, an riga an rataya mini lambar a wuya, an ba ni wani ƙaramin kofi. Ya sa hannu a aljihun hagu, ya kwaso cittar duka bakwai, ya mayar da su aljihun dama a gaban kowa, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a fili yadda yake yi a bakin mota. Da ya kai bakwai ya sake kwaso su ya zuba mini a cikin kofin.

"Lodi ya cika," ya ce. "Me ya sa ba ki gaya mini haka ake ƙirga ba?"

Jama'a, ku ji fa. Wata biyu. Na buɗe baki in yi magana, dariya da kuka suka taho tare, na kifa kaina a kafaɗarsa ina jin ƙanshin citta da sabulun wanki. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na samu shiga kwaleji.

Baba ya juya wurin Mama Hellen ya cire hula, cikin ladabi.

"Maman Silvanus, magana na ɗaya ne. Disamba ba zai yiwu ba. Yarinya zai tafi gasan ƙasa."

Ta rufe kularta, ta danna murfin har sai da ya yi ƙara, ta gyara ɗankwali. Ta dubi ɗanta tun daga laka a takalmi har zuwa littafin da ke hannunsa.

"Har da kai ake ihu, ko? Na ji muryanka. Ɗauki kula mu tafi. Za mu yi magana a gida."

Na san irin maganar, kuma na san Silvanus bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba tun da aka haife shi. Ya sunkuya ya ɗauki kular, don uwa uwa ce. Da zai wuce ta gabana bai kalle ni ba, sai dai ya tura mini littafin nan mai bango shuɗi a ƙarƙashin kofi, ya bi bayanta har suka hau keke mai ƙafa uku suka tafi.

Sai da muka koma ɗakin kwana na cire takalmi, na jera cittar Baba a kan taga, sannan na buɗe littafin. Shafin gasar yau na nan cike da lambobi. Na juya na gaba. Ya riga ya ja wasu layuka bakwai, sababbi, babu komai a cikinsu. A sama ya rubuta "Gasar ƙasa, Disamba", da sunana, da maki dubu biyar a matsayin abin da za mu nema. A ƙasa ya sa kwanan watan da ya ja layin, kamar yadda yake yi a duk takardunsa.

Litinin ɗin Ista ce. Ranar da uwarsa ta zauna a kujerar Baba.

Yau kwana uku ke nan wayarsa a kashe. Ɗazu ina cikin rubuta muku wannan wayata ta yi ƙara, na duba, lambar Mama Hellen ce. Na ajiye littafin a kan cinyata, na dafa shi da hannu ɗaya, na ɗauka.